Juyin juya halin Hangari na 1848: sun karɓi 'yanci a hannun sarki, sun hana maƙwabtansu

Ranar 13 ga Agusta 1849 sojojin Hangari wajen 30,000 suka zube makamansu a wani fili kusa da ƙauyen Bilagosh. Da Ostiriya suka kwashe kusan shekara suna gwabzawa, amma da aka zo miƙa wuya ba ga janar ɗin Ostiriya suka miƙa ba, ga wani janar ɗin Rasha mai suna Rudiga suka miƙa. Kwamandansu Artur Gorgei da gangan ya yi haka, so yake duniya ta shaida cewa sarkin Ostiriya, mai fada a birnin Biyanna, bai iya da su shi kaɗai ba sai da ya je ya roƙo taimako a waje. Kuma gaskiya ne, bai iya ba. To amma ya aka yi mutanen da wata 16 kacal kafin nan suka samu kusan duk abin da suka nema, sarki da kansa ya sa musu hannu, ba a zubar da jini ba, suka zo suka ƙare a haka?

Hangari tsohuwar masarauta ce mai majalisarta da dokokinta, sai dai tun 1526 kambin sarautarta ya faɗa hannun gidan Habsbag na Ostiriya, don haka sarkinta a Biyanna yake zaune, kuma irin sarkin nan ne mai wuƙa da nama, ba ya ba kowa bahasi. Majalisar ma sai ya ga dama yake kiran ta, daga 1812 zuwa 1825 ko sau ɗaya ba ta zauna ba. Wanda ke kan gado a 1848 shi ne Fadinand, bawan Allah mai fama da farfaɗiya wanda bai iya riƙe mulki ba, ainihin masu juya ƙasar su ne fadawa, kan gaba kuma babban minista Metanik, wanda ya ƙi jinin duk wani abu mai kama da tsarin mulki ko 'yancin jarida. Ba ka buga ko takarda ɗaya sai masu tace rubutu sun gani, 'yan leƙen asiri kuwa ko'ina. Wani matashin lauya mai suna Layosh Koshut, laifinsa kawai yana rubuta abin da aka tattauna a majalisa ana kwafa da hannu ana rabawa, a kan haka aka kama shi a 1837 bai fito ba sai 1840.

A cikin gida kuma akwai wani zaluncin da ba Biyanna ce ta kawo shi ba. 'Yan sarauta, waɗanda ba su wuce kashi 5 cikin 100 na jama'a ba, su ke da ƙasa, su ke da ƙuri'a, kuma ba sa biyan haraji. Manomi kuwa a ɗaure yake da gonar ubangidansa, in yana da cikakkiyar gona zai yi wa ubangida aikin dole kwana 52 a shekara in da dabbobin huɗa ya zo, kwana 104 in da hannunsa ne kawai, sannan ya ba shi kashi ɗaya cikin tara na amfanin gona, coci ta karɓi ɗaya cikin goma, harajin gwamnati ma a kansa yake, in rigima ta haɗa shi da ubangidan kuma kotun ubangidan ce za ta yi musu shari'a. Abin da ya sa nake ganin girman 'yan neman sauyin Hangari shi ne yawancinsu 'yan sarautar ne da kansu, su ke cin moriyar tsarin, kuma su suka tashi suka ce a rushe shi. Ishtiban Secenyi, babban mai ƙasa, yana ganin a bi a hankali, a gina tattalin arziki, a gina gada, a gyara koguna, kar a tsokano Biyanna. Koshut kuwa, da jaridar da ya fara shugabanta a 1841, yana ganin in ba ka da gwamnatin kanka duk sauran zance ne. Ba wai tausayin talaka kaɗai ya motsa su ba fa, akwai tsoro a ciki. A 1846 a Galisiya, nan maƙwabtansu, 'yan sarautar Folan suka yi wa Ostiriya tawaye sai manomansu suka juya musu suka yi ta karkashe su, jami'an Ostiriya na zuga su. 'Yan sarautar Hangari suka gane karatun sarai: in ba su 'yanta manomi da hannunsu ba, wata rana sarki zai yi amfani da manomin ya yanka su.

Sai ga 1848. A ƙarshen Fabrairu mutanen Faris suka kori sarkinsu Luwi Filif, labari ya bazu a Turai. Ranar 3 ga Maris Koshut ya miƙe a majalisa a Birnin Fojon, wanda yau shi ne Biratislaba babban birnin Sulobakiya, ya nemi gwamnati mai amsa tambayar majalisa, ya ce ba Hangari kaɗai ba, sauran ƙasashen daular ma a ba su tsarin mulki. Aka fassara jawabin da Jamusanci ana karantawa a titunan Biyanna, ranar 13 ga Maris ɗalibai da ma'aikata suka fito, a daren nan Metanik ya ajiye aiki ya gudu, sai Ingila. Mutumin da ya yi kusan shekara 40 yana juya siyasar daular.

Kwana biyu bayan haka, 15 ga Maris, wasu samari da ke taruwa a shagon gahawa na Pilbaks a birnin Pesht, wanda yau shi da Buda suka haɗu suka zama Budafest babban birnin Hangari, suka fito cikin ruwan sama, cikinsu har da mawaƙi Shando Petofi, ɗan shekara 25. Suka bi ta jami'a suka kwashi ɗalibai, suka je wata maɗaba'a suka sa aka buga musu waƙar Petofi da buƙatunsu 12 ba tare da sun kai wa masu tacewa ba, wanda hakan shi kansa karya doka ne a bainar jama'a. Suna neman 'yancin jarida, gwamnati a Pesht, majalisa duk shekara, kowa daidai a gaban doka, kowa ya biya haraji, a soke aikin dole, a kafa bankin ƙasa da dakarun ƙasa, a saki fursunonin siyasa, a haɗe Hangari da yankin Taransilbaniya da ke gabas. Kafin dare taron ya kai dubbai, suka haye Buda suka fito da marubuci Mihai Tancic daga kurkuku. Ko mutum ɗaya ba a kashe ba. Fadar Biyanna a lokacin ta rikice, yankunan Italiya da ke hannunta sun tashi, Biyanna kanta ba ta kwanta ba, don haka suka ce to. Aka naɗa Layosh Batyani firaminista, Koshut ya zama ministan kuɗi, Secenyi na ayyuka da sufuri, Ferenz Deyak na shari'a, ranar 11 ga Afrilu kuma Fadinand ya sa hannu a kan dokokin da ake kira Dokokin Afrilu. Aikin dole ya ƙare, manomin da ke riƙe da gona ta zama tasa, gwamnati ce za ta biya iyayen gida diyya ba shi ba, 'yan sarauta za su fara biyan haraji, ƙuri'a ta koma ta mai dukiya ko mai ilimi ma, ba ta mai gado kaɗai ba. Ba cikakke ba ne, manoma da yawa da ba su da gona tun farko sun samu 'yanci amma hannunsu wayam, Yahudawa ma ba a ba su daidaito ba a lokacin. Duk da haka wallahi abu ne babba, tsarin da ya yi ɗaruruwan shekaru aka sauke shi cikin sati kaɗan da alƙalami.

Ga inda matsalar take. Majarawa, wato masu yaren Hangari, ba su kai rabin mutanen masarautar ba. Akwai Kuroshiyawa masu majalisarsu ta gado, akwai Sabiyawa a kudu, Romaniyawa sun fi kowa yawa a Taransilbaniya, Sulobakawa a arewa, ga Jamusawa a birane. Har 1844 da Latin ake aikin gwamnati, yaren da ba na kowa ba ne, a shekarar aka mayar da shi yaren Majar, Majarawa suka yi murna don sun daɗe suna yaƙin wannan, sauran kuma hankalinsu ya tashi. Tunanin su Koshut shi ne, mun ba kowane mutum 'yanci, Basabiye da Baromane yanzu daidai suke da mu a gaban doka, me kuma ake nema? Ƙasa ɗaya ce, al'umma ɗaya ce a siyasance, yaren hukuma ɗaya. Amma su waɗancan abin da Majarawa ke nema a Biyanna shi suke nema a Pesht, a san da su a matsayin al'umma, a bar su da yarensu a makaranta da kotu, su mulki yankinsu. A watan Mayu kaɗai Sulobakawa suka fitar da buƙatunsu a Liftobski Mikulash, Sabiyawa suka taru a Karlobtsi suka ayyana yankinsu na Boibodina, Romaniyawa dubun dubata, yawancinsu manoma, suka cika fili a garin Bilaj suna cewa kar a haɗe Taransilbaniya da Hangari ba tare da an ji ta bakinsu ba. Gwamnatin Pesht ta ƙi sauraro, ta sa a nemo shugabannin Sulobakawa a kama, aka haɗe Taransilbaniya, kafin ƙarshen Yuni kuwa an fara harbe-harbe da Sabiyawa.

Wannan abu yana min ciwo duk lokacin da na tuna shi, domin mutane ne da suka san zafin a yi maka mulki da yaren da ba naka ba, sun ɗanɗana, amma da abin ya zo hannunsu sai suka kasa ganin zafin a jikin wani. Ba na cewa mugaye ne, tsoronsu yana da tushe, suna ganin in aka fara yanka yankuna masarautar za ta wargaje kuma Rasha na gefe tana jiran ta haɗiye duk masu yaren Sulab, irin su Sabiyawa da Kuroshiyawa da Sulobakawa. Amma tsoro bai wanke su ba.

Fadar Biyanna kuwa tun farko ta gano wannan ɓarakar. Tun ranar 23 ga Maris, kafin ma a sa hannu a Dokokin Afrilu, aka naɗa wani hafsan soja Yosif Yelacic gwamnan Kuroshiya, mutum mai biyayya ga sarki mai kishin Kuroshiya, ya ce shi ba ya karɓar umarni daga Pesht. Da Batyani ya kai ƙara sai fada ta sauke Yelacic a takarda a watan Yuni, amma yana nan kan kujerarsa yana tara soja. Jira suke su ga yadda Italiya za ta kaya. A ƙarshen Yuli tsohon janar ɗin Ostiriya Radetski ya ci yaƙin Kustoza a Italiya, fada ta samu nutsuwa, farkon Satumba aka mayar wa Yelacic muƙaminsa a fili, ranar 11 ga Satumba ya haye kogin Diraba da rundunarsa ya nufi Pesht. Ka ga abin mamaki, sojan sarki na yaƙar gwamnatin da sarki ya naɗa, hafsoshi a ɓangarorin biyu duk ga mutum ɗaya suka yi rantsuwa. Secenyi, wanda ya daɗe yana gargaɗin wannan rana, hankalinsa ya gushe a watan nan aka kai shi asibiti kusa da Biyanna. Ranar 28 ga Satumba jama'a suka kashe Lambag, janar ɗin da fada ta aiko ya karɓi ragamar sojoji, a kan gadar da ta haɗa Pesht da Buda, washegari sabbin sojojin Hangari suka tare Yelacic a Pakozd suka juya shi. Batyani ya sauka, mulki ya koma hannun kwamitin tsaron ƙasa, wato hannun Koshut.

Daga nan babu sauran zancen sulhu. Mutanen Biyanna suka sake tashi ranar 6 ga Oktoba don hana a tura soja Hangari, suka kashe ministan yaƙi Latur, amma sojan Hangari ya yi ta jinkiri a bakin iyaka, kafin ya zo agaji an makara, aka ci su a Shubekat, Biyanna ta faɗi. Ranar 2 ga Disamba aka sa Fadinand ya yi murabus aka ɗora ɗan ƙanensa Faranz Yosef, yaro ɗan shekara 18, kuma dabarar a fili take, sabon sarki bai sa hannu a Dokokin Afrilu ba saboda haka wai ba su ɗaure shi ba. Janar Bindishgirets ya shiga Pesht farkon Janairu 1849, gwamnati ta kwashe ta koma Debretsen can gabas, kowa a Turai ya ɗauka an gama.

Ba a gama ba. Cikin hunturun nan Koshut ya yi abin da ko maƙiyansa sun yarda da shi, ya buga kuɗi, ya kafa masana'antar makamai, ya bi garuruwa yana jawabi manoma suna shiga soja, kuma manomin ya shiga ne don ya san abin da yake karewa, gonarsa ce. A Taransilbaniya wani janar ɗan Folan mai suna Yosef Bem ya kori sojan sarki, a watan Afrilu kuma Gorgei, matashi ɗan shekara 31 wanda kafin yaƙin harkar kimiyyar sinadarai yake yi, ya yi ta cin Ostiriya yaƙi bayan yaƙi, Ishaseg, Bats, Najshallo, Komarom, har ya kore su kusan bakin iyaka, ranar 21 ga Mayu ya ƙwace ganuwar Buda. Ana cikin haka, tunda a watan Maris sarki ya ƙaƙaba wani tsarin mulki da ya yayyanka Hangari ya mayar da ita lardi, ranar 14 ga Afrilu a babban cocin Debretsen majalisa ta tsige gidan Habsbag gaba ɗaya ta ayyana 'yancin kai, Koshut ya zama shugaba. Hafsoshi da yawa har da Gorgei ba su so wannan ba, su Dokokin Afrilu suke karewa ba ɓallewa ba, kuma tsamin da ke tsakanin mutanen biyu ya yi wa yaƙin illa sosai. Babu wata babbar ƙasa da ta amince da sabuwar Hangari, Ingila da Faransa sun ji tausayi a jarida kawai, don suna ganin Ostiriya ce katangar da ke tare Rasha.

A ranar da Buda ta faɗi, a ranar Faranz Yosef yake Waso gaban Sarkin Rasha Nikolas na 1 yana neman agaji. Nikolas bai yi jinkiri ba, ya ga 'yan Folan a cikin sojan Hangari ya san in wutar ta ci gaba gidansa za ta zo, tunda babban ɓangaren Folan a hannunsa yake. Soja wajen 200,000 ya turo ƙarƙashin Paskebic a watan Yuni, daga yamma kuma ga janar Hainau da rundunar Ostiriya. A Taransilbaniya kuwa tun kaka ake yaƙin basasa mai muni tsakanin Majarawa da Romaniyawa, an ƙona ƙauyuka an kashe fararen hula a ɓangarorin biyu, dakarun Abram Yanku, jagoran Romaniyawa, sun riƙe duwatsu an kasa fitar da su, sojan da ake buƙata a gaban Rasha yana can yana fama da maƙwabta. Sai a lokacin gwamnati ta farga. A tsakiyar Yuli Koshut ya cimma yarjejeniya da Nikolai Balcesku na Romaniyawa, ranar 28 ga Yuli majalisa a Seged ta amince kowace al'umma ta yi amfani da yarenta a makaranta da coci da mulkin ƙananan hukumomi, ta kuma ba Yahudawa cikakken 'yanci. Doka ce mai kyau ƙwarai, irinta ba ta da yawa a Turai ta wancan zamani, amma kwana 16 ya rage a zube makamai. Kwana uku bayan ta Petofi ya ɓace a fagen yaƙin Shegeshbar, ba a ga gawarsa ba har yau. Ranar 9 ga Agusta aka tarwatsa babbar runduna a Temeshbar, Koshut ya miƙa wa Gorgei mulki ya tsallake iyaka, Gorgei ya tafi Bilagosh.

Za a iya cewa ko da sun sasanta da maƙwabtansu tun Mayun 1848, soja 200,000 na Rasha ai ba wasa ba ne. Haka ne, ni ma ban ce da sun ci ba tabbas. Amma a duba yadda abin ya faro, da farko fada ba ta da sojan da za ta tura kuma ba ta da hujja, Yelacic ne ya ba ta duka biyun, kuma shi ya samu mabiya ne don mutanensa sun yanke ƙauna da Pesht. Da Sabiyawa da Romaniyawa suna gefen Hangari ko ma sun tsaya tsaka-tsaki, da yaƙin ya ɗauki wata kama daban tun kafin a kai ga zancen Rasha.

Ramuwar ta yi tsanani. Ranar 6 ga Oktoba 1849, wato daidai shekara da kashe Latur, aka kashe manyan hafsoshi 13 a Arad, huɗu da harbi tara da rataya, a ranar kuma aka harbe Batyani a Pesht, mutumin da sarki ya naɗa kuma ya fi kowa neman sulhu. Cikin 13 ɗin nan Damyanic Basabiye ne, Kinezic Bakuroshe ne, akwai Jamusawa, akwai masu asalin Armeniya, wasunsu ma ba su iya yaren Majar sosai ba, 'yancin suka gani suka mutu a kansa. Gorgei shi Rasha ta roƙar masa rai, Koshut kuma daga gudun hijira ya rubuta wasiƙa ya kira shi maci amana, tabon ya bi shi har ya mutu a 1916 yana da shekara 98, kuma a ganina an zalunce shi, babu abin da ya rage a lokacin sai a kashe yaran mutane a banza.

Koshut da dubban mutanensa Daular Usmaniyya suka gudu. Ostiriya da Rasha suka matsa wa Sultan Abdulmajid na Santambul lamba ya miƙa su, ya ƙi, Ingila da Faransa suka mara masa baya da jiragen yaƙi. Wasu daga cikin hafsoshin suka musulunta suka shiga sojan Sultan, cikinsu har da Bem, ya zama Murad Fasha, ya rasu a Halab a 1850. Koshut an ajiye shi a Kutahya har 1851, daga nan ya zaga Ingila da Amurka ana tarbarsa da ɗimbin jama'a, amma ba wanda ya ba shi soja.

Su kuma waɗanda suka taya sarki yaƙi, me suka samu? Ranar 31 ga Disamba 1851 Faranz Yosef ya soke ko da ɗan tsarin mulkin da shi kansa ya bayar, aka koma mulkin wuƙa da nama, ma'aikata masu Jamusanci daga Biyanna suka cika Zagareb babban birnin Kuroshiya kamar yadda suka cika Pesht. Har ake cewa abin da aka ba Majarawa a matsayin horo shi aka ba Kuroshiyawa a matsayin lada. Abram Yanku ya ƙi karɓar lambar yabon sarki, ya ƙare rayuwarsa cikin ɓacin rai yana yawo a duwatsun da ya kare. Abu ɗaya ne sarki bai kuskura ya taɓa ba, 'yancin manoma, aikin dole bai sake dawowa ba, a 1853 ma da kansa ya fitar da dokar da ta tabbatar da shi.

Mulkin ƙarfin bai kai shekara 20 ba. Ostiriya ta ƙi taimakon Rasha a yaƙin Kirimiya ta rasa ƙawarta, ta sha kashi a Italiya a 1859, Furushiya ta lallasa ta a 1866, dole Faranz Yosef ya dawo teburi. Deyak, wanda duk shekarun nan ya tsaya kan cewa Dokokin Afrilu suna nan daram tunda sarki ya sa musu hannu, shi ya jagoranci sulhun 1867 da ya haifi Ostiriya-Hangari, Hangari ta samu majalisa da gwamnatinta, firaministan farko kuwa Jula Andirashi ne, wanda a 1851 aka yanke masa hukuncin kisa ba ya nan saboda rawarsa a juyin. Koshut ya ƙi sulhun har ya mutu a Turin a 1894, kuma a gudun hijira tunaninsa ya canja, a 1862 ya kawo shawarar a yi tarayyar al'ummomin kogin Danub, Majarawa da Kuroshiyawa da Sabiyawa da Romaniyawa kowa da mulkinsa, amma a gida ba wanda ya kula shi. An yi dokar al'ummomi a 1868 mai sassauci a takarda, gwamnatocin da suka biyo baya suka yi watsi da ita suka shiga cusa yaren Majar a makarantu. Da daular ta rushe a ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya a 1918, Romaniyawa da Sulobakawa da Sabiyawa da Kuroshiyawa duk suka fice, yarjejeniyar Tiriyanon ta 1920 ta yanke wa Hangari kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta, Majarawa sama da miliyan 3 suka wayi gari su ne 'yan tsiraru a ƙasashen maƙwabtansu.